Matatar iska, hancin inji

Yara, kun san injin niƙan unguwarku. Tun da sassafe kuna jin ƙararsa. Mata da ƴan mata suna jera ƙwarya da roba a bakin rumfar mai niƙa, kowa na jiran layinsa. Ran da injin ya tsaya kuwa, unguwa duka sai ta sani. Uwaye su koma ga turmi da taɓarya, tuwon dare ya yi latti, ƴan mata su makara zuwa lakwal saboda daka. Idan kayan gyaran babu su a Dakoro, sai an aika Maradi, tafiyar wajen kilomita 120, a jira kwana da kwanaki.

Sau da yawa abin da ke kashe inji a ƙasarmu ƙura ce. Akwai wani ɗan abu a jikin kowane inji wanda aikinsa shi ne tare ƙura. Sunansa matatar iska. Makanikai suna ce mata filta, da faransanci kuma « filtre à air ». Yau za mu koyi aikinta da yadda ake kula da ita.

1. Inji ma yana numfashi

Ku kunna ashana ku kifa mata gilashin shayi. Nan da nan za ta mutu. Dalili shi ne wuta ba ta ci sai da iska. A cikin iska akwai wani sashe da ake kira oksijan, wajen kashi 21 cikin 100. Shi ne wuta ke buƙata, shi ne kuma jikinmu ke buƙata.

A cikin inji wuta ce ke aiki. Akwai wani rami mai santsi kamar cikin gwangwani, ana ce masa silinda. A cikinsa wani dunƙulen ƙarfe mai suna fistan yana hawa yana sauka. Inji ya zuƙo iska, mai ya gauraya da ita, wuta ta kama, ƙarfin wutar ya tura fistan. Fistan ya juya ƙafar inji, ƙafar ta ja bel, bel ya juya abin niƙa. Haka injin moto yake aiki, haka na mota, da na janareto, da na famfon ban ruwa. Wasu suna shan esansi, wato fetur. Wasu kuma suna shan gazuwal, su ne ake kira dizal, da sunan wani Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a shekarar 1897.

Iskar da inji ke zuƙa tana da yawan gaske. Kafin ya ƙona lita 1 ta esansi, sai ya zuƙi iska wajen lita 10.000. Tano ɗaya, wato duro, yana cin lita 200. Ke nan lita 1 ta mai tana buƙatar iska cikin tano 50. Injin gazuwal ma ya fi haka zuƙar iska. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska tana neman hanyar shiga ciki.

2. Daga ina ƙurar take zuwa?

Dakoro tana kan iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo. Damina gajera ce, wata uku ko huɗu. Sauran watannin ƙasa a bushe take. Garken shanu da raƙuma suna tayar da ƙura a hanyar rijiya da ta kasuwa. Motoci da amalanke suna tayar da ita a hanyoyin ƙauyuka. A rumfar niƙa kuma akwai wata ƙurar dabam, ta gari da dusa.

Wata ƙurar daga nesa take zuwa. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. A arewacin ƙasar Cadi akwai wani babban kwari mai suna Bodele. A zamanin da can ruwan tafkin Cadi ya rufe wurin, sannan ya janye ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska tana ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi wannan ƙasa ta yi sama da ita. Masana sun ce babu wani wuri a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura. Tana cikin hazon da ke rufe mana rana, wanda muke kira buda. Wani sashenta yana tsallake tekun Atlantika har ya sauka a Amurka ta Kudu.

3. Ɓarnar da ƙura ke yi

Ku ɗebi ɗan yashi ku zuba a kan murfin gwangwani, ku goga da wani murfin. Ku share ku duba. Za ku ga zane-zane a jikin ƙarfen. Ƙwayar yashi ta fi irin wannan ƙarfe tauri, shi ya sa take kankare shi.

Fistan yana hawa da sauka sau dubbai a cikin minti ɗaya. Yana da zobba na ƙarfe da ke manne da bangon silinda don kada ƙarfin wuta ya zurare. Idan ƙura ta shiga, sai ta gauraya da man inji ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. A hankali ta cinye zobban da bangon silinda. Daga nan inji ya rage ƙarfi, ya riƙa shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, ya yi wuyar tashi da safe. A ƙarshe sai an sauke shi an canza kayan ciki. Kuɗin wannan gyara ya ninka kuɗin matata sau da yawa.

4. Matata iri uku ce

Kun ga yadda uwayenku ke tankaɗe da rariya: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Kakanninku kuma sun san tace ruwan tafki da ƙyalle don gudun kurkunu. Wannan tacewa tana cikin abubuwan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a shekarar 2013 cewa kurkunu ya ƙare a Nijar. Matatar inji ma haka take: iska ta wuce, ƙura ta tsaya. Tana zaune cikin wani akwati ko gwangwani a bakin hanyar da iska ke shiga inji.

Ta farko ita ce ta takarda. Takarda ce mai kauri da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. An nannaɗe ta kamar mafici don takarda mai faɗi ta shiga ƙaramin wuri. Ita ce a yawancin motoci.

Ta biyu ita ce ta soso. Ana shafa wa soson ɗan mai, ƙura ta manne a jikinsa. Ana samun ta a moto da yawa da ƙananan janareto.

Ta uku ita ce mai kwanon mai. A ƙasanta akwai kwano da man inji a ciki, a sama kuma curin siraran wayoyi. Iska ta sauko ta bugi man ta juya sama. Ƙura mai nauyi ta nutse a cikin man, sauran ta maƙale a wayoyin. Ana ganin irin wannan a injunan gazuwal na niƙa da tsofaffin manyan motoci da taraktoci.

5. Yadda ake gane matata ta toshe

Ku ninka ƙyalle sau takwas ku rufe hanci da shi, ku yi gudu. Za ku gaji da wuri. Haka inji yake ji idan matatarsa ta cika da ƙura. Ga alamun:

Baƙin hayaƙi yana fita, don mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan.
Inji ba ya ja. Moto ta kasa hawan tudun yashi, injin niƙa ya riƙa shaƙewa in an zuba hatsi.
A moto da janareto, mai yana ƙarewa da wuri, buji kuma ya yi baƙi da kunkunniya.

Wasu in sun ga haka sai su cire matatar su jefar. Inji ya samu iska, ya yi ƙara, su ce ya warke. Wannan babban kuskure ne. Matatar da ta toshe tana rage ƙarfin inji, amma injin da ba shi da matata yana haɗiyar yashi kai tsaye. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

6. Yadda ake kula da ita

Kafin kome a kashe inji, a bar shi ya huce. A goge bayan akwatin matatar kafin a buɗe. In an fitar da ita, a toshe bakin hanyar iska da ƙyalle mai tsabta don kada wani abu ya faɗa ciki. A tuna a cire ƙyallen kafin a rufe.

Matatar takarda: ba a wanke ta da ruwa, ba a shafa mata mai. Ruwa yana lalata takardar, mai kuma yana toshe ƙofofinta. A bubbuga ta a hankali a tafin hannu don ƙurar ta zube. Kada a buga ta da bango ko dutse. Sannan a ɗaga ta a duba da hasken rana ko na tocila. Idan haske ba ya ratsa ta, ta toshe, a canza ta. Idan an ga huji ko yagewa, kome ƙanƙantarsa, a canza ta. Ba a ɗinke ta, ba a liƙe ta.

Matatar soso: a wanke ta da ruwa da sabulu, a ɗauraye. A matse ta a tafin hannu, kada a murɗa ta kamar wanki, don za ta yage. A shanya ta a inuwa har ta bushe sarai. Sannan a ɗiga mata man inji mai tsabta, a mulmula ya game ko'ina, a matse rarar. Kada a wanke ta da esansi, domin yana kama wuta da sauri. Idan soson ya fara marmashewa, ya tsufa, a sayi sabo.

Matata mai kwanon mai: a kwance kwanon, a zubar da tsohon man a cikin gwangwani, a kankare laka da ta kwanta a ƙasa. A wanke kwanon da wayoyin da gazuwal, a bar su su tsane. A zuba sabon mai daidai layin da aka zana a jikin kwanon. In ya wuce layin, inji zai zuƙe shi. In bai kai ba, ƙura za ta wuce. Tsohon man kuma ba a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Wajen mayarwa a duba robar da ke bakin matatar, a tabbata ta zauna daidai, a ɗaure murfin sosai. Idan akwai ƴar kafa a gefe, iska za ta bi ta nan da ƙurarta, matatar ta zama ba ta da amfani.

Yaushe ake dubawa? Kowane inji yana zuwa da ɗan littafi da ke faɗin lokacin. Littafin kan ce a wuri mai ƙura a riƙa dubawa fiye da haka. Wurinmu mai ƙura ne. Mai niƙa ya kamata ya duba kwanon mansa kowace safiya a lokacin hunturu. Mai moto ya duba tasa kowane mako, da kuma bayan doguwar tafiya a cikin yashi. Yana da kyau kuma a raba injin da wurin da gari ke fita, ko da da zana ko katanga.

7. A wasu ƙasashe

A ƙasashen sanyi kamar Kanada da arewacin Amurka, gidaje da yawa suna da murhu na musamman mai ɗumama ɗakuna. Fanka tana tura iska mai ɗumi ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki. A bakin murhun akwai matata mai faɗi kamar faifai, amma mai kusurwa huɗu. Masu gida suna canza ta bayan wata ɗaya zuwa uku. In sun manta, iska ba ta wucewa sosai, murhun ya yi zafi fiye da kima, kuɗin wuta ya ƙaru. Mu ba mu da irin wannan murhu, amma na'urar sanyaya ɗaki da ke ofisoshi da asibitoci tana da raga a gabanta. Ita ana zare ta a wanke da ruwa, a shanya, a mayar.

8. Matatar jikinmu

Allah ya yi wa kowannenmu matata. Gashin hanci da majina suna tare ƙura kafin ta kai huhu. Shi ya sa ya fi kyau a yi numfashi ta hanci. Buzaye da Fulanin da ke zuwa kasuwar Dakoro suna rufe hanci da baki da amawali in iska ta taso. Mai niƙa ma ya kamata ya ɗaura ƙyalle mai tsabta a hanci, don ƙurar gari tana sa tari. In za ku share aji, ku fara yayyafa ruwa.

Aikin gwaji

Ku sami farar takarda biyu, ku shafa wa kowace ɗan man gyaɗa. Ku sa kowace a cikin ƙwarya. Ku rufe bakin ƙwarya ɗaya da ƙyalle ku ɗaure, ɗayar ku bar ta a buɗe. Ku ajiye su a farfajiyar lakwal daga safe zuwa marece. Ku gwada takardun biyu, ku duba ƙyallen, ku rubuta abin da kuka gani.

Tambayoyi

1. Don me inji yake buƙatar iska?
2. Ina ne Bodele, kuma mene ne alaƙarsa da hazon hunturu?
3. Ku faɗi iri uku na matatar iska.
4. Wace matata ce ba a wankewa da ruwa? Don me?
5. Me za ku ce wa mai moton da ya cire matatarsa ya jefar?
6. Lissafi: janareto ya sha lita 3 ta esansi. Lita nawa ta iska ya zuƙa? Tano nawa ke nan?
7. Ku je wurin mai niƙan unguwarku tare da malaminku, ku roƙe shi ya nuna muku matatar injinsa. Ku zana ta a cikin littafinku, ku rubuta sunan sassanta da hausa da faransanci.