Daga sanƙarau zuwa fitilun fili: Yadda Kaduna ta karɓi baƙin FIFA

A shekarar 1995 Najeriya ce za ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, amma FIFA ta ɗauke ta zuwa Qatar saboda fargabar annobar sanƙarau. A nan hukumomi suka gane cewa masu duba shiri ba ciyawar fili kaɗai suke kallo ba. Asibiti, masauki da tsaro duk suna cikin lissafi.

Da gasar ta dawo a watan Afrilun 1999, filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna yana cikin filaye takwas da aka zaɓa. Ya sake shiga sahu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta so fasawa saboda tsada, kafin ta sake shawara.

Sai dai kwaskwarimar a babban birnin jihar ta tsaya. Matashin Samarun Kataf ko Kafanchan a talabijin ya ga fitilun, in an dace da wutar lantarki, washegari kuma ya koma murza leda a filin makaranta mai jar ƙasa.