Me Ke Mayar da Mai Ciwon Huhu Gadon Asibiti?

Ranar da aka sallami majinyaci daga asibiti rana ce ta murna ga iyalinsa. Amma ga mai fama da cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, makonnin da ke biyo bayan sallama suna cikin mafi hatsari a rayuwarsa. A Amurka, inda ake ajiye ƙididdiga sosai, kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka kwantar saboda tashin wannan cuta yakan koma asibiti kafin kwana 30. Abin ya kai ga cewa tun 2014 gwamnatin ƙasar ta shiga rage wa asibitoci kuɗi idan masu komawar suka yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, wato ita ce ta huɗu wajen kisa a duniya.

Yadda cutar ke tashi

Huhun ɗan Adam yana ɗauke da 'yan jakunkunan iska kimanin miliyan 300 zuwa 500, inda iskar oksijin ke ratsawa cikin jini. Hanyoyin da ke kai iska gare su suna da wasu ƙananan gasu da ke share majina da ƙura zuwa maƙogwaro. Hayaƙin taba, ko na itace da kara, idan aka shekara da shekaru ana shaƙarsa, yakan kassara gasun nan, ya kumbura hanyoyin, ya kuma yayyaga jakunkunan. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: murar da mai lafiya zai warke daga gare ta cikin mako guda ita ce za ta ƙara wa wannan majinyaci haki da tari, kakinsa ya sauya launi. Wannan shi ne tashin cutar.

Dalilan komawa

Na farko shi ne jinkirin murmurewar huhu. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2000, ya nuna cewa bayan kwana 35 da tashin cutar, a kashi 25 cikin 100 na lokutan numfashi bai koma yadda yake a da ba. Ke nan majinyaci yakan isa gida da sauran rauni.

Na biyu shi ne tarihin majinyacin. Binciken ECLIPSE na 2010, wanda ya bi mutum fiye da 2,000 tsawon shekara uku, ya gano cewa babu alamar da ta fi nuna wanda cutar za ta tasar wa kamar yawan tashinta a shekarar da ta gabata. Binciken ya kuma danganta yawan tashin da ƙwannafi.

Na uku shi ne cututtukan da ke rakiyarta, musamman ciwon zuciya, ciwon sukari da ciwon damuwa. Da yawa daga cikin masu komawa asibiti ɗaya daga cikin waɗannan ne ke mayar da su, ko kuwa namoniya. Haka nan rama da zaman wuri guda: kwanciyar jinya tana zaftare tsokar ƙafa, raunin tsoka yana ƙara haki, hakin kuma ya sa mutum ya daina motsi.

Na huɗu yana cikin gida. Wanda ya koma wa sigarinsa ya koma wa abin da ya kwantar da shi. A ƙasar Hausa, tsohuwar da ba ta taɓa busa taba ba takan koma bakin murhu cikin ɗakin girki marar taga. Da hunturu kuma ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana haɗuwa da hayaƙin wutar da ake jin ɗumi. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, tabon da ya bari a huhunsa yana ƙara masa rauni.

Na biyar shi ne magani. Maganin shaƙa da ake fesawa a baki yana da ƙa'ida: a girgiza shi, a fitar da numfashi, a fesa daidai lokacin da ake jan iska a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10. Wanda ya kuskure wannan, a harshe maganin ke tsayawa. Wasu kuma da zarar sun ji sauƙi, ko kuɗi ya yanke, sai su ajiye shi.

Abin da ke hannunmu

Tarihin cuta ba ya gogewa, amma sauran dalilan ana iya rage su. Likitoci suna son a dawo da majinyaci a duba shi cikin mako huɗu da sallama, a kuma fara masa atisayen numfashi da tafiya a wannan tsakanin, domin an ga hakan yana rage komawa. Allurar rigakafin mura da ta namoniya suna taimakawa inda ake samunsu.

A nan ɗalibi yana da rawar takawa. A gidaje da dama shi ne mai karanta takardar asibiti. Ya lura da yadda kakarsa ke shaƙar maganinta, ya tuna ranar komawa ganin likita, ya matsa a fitar da murhu tsakar gida. Idan haki ya ƙaru, ko kaki ya koma kore, ko leɓe ya yi shuɗi, ko barci da ruɗewa suka yi yawa, kada a jira gari ya waye.