Cikar Kwara da Janyewarta: Bayani ga Hakimai a kan Wasan Jirage

Tun kaka da kakanni mutanen bakin Kwara suna wasa da jirgi. A Yawuri akwai Rigata, inda matuƙa ke tsere da kwalekwale a gaban Sarki, Nufawa kuma suna da irin nasu a Patigi. A dā dattawa sukan dubi wata su san yadda ruwa zai kasance ranar wasa. Yanzu duban wata kaɗai ba ya isa, gama an datse kogin a Kainji cikin 1968, da Jebba cikin 1985, an kuma datse kogin Kaduna a Shiroro cikin 1990.

Cika biyu

Kwara tana cika sau biyu a shekara. Ta fari ita ce farin ruwa, watau ruwan daminar ƙasashen da ke kusa, mai laka, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu baƙin ruwa ce. Shi wannan a duwatsun Gini ya sauka, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har ya tace, ba ya isowa sosai sai wajen Disamba, ya kai Fabrairu. Aikin madatsa shi ne ta tare waɗannan ruwaye, ta riƙa sakinsu kaɗan kaɗan don a sami wutar lantarki dukan shekara.

A bisan madatsa

Tafkin Kainji ya miƙa fiye da mil 80, har ya kai Yelwa. Yakan cika da farin ruwa, baƙin ruwa ya riƙe shi, sa'an nan ya yi ta janyewa cikin bazara har tsakiyar damina. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai wajen ƙafa 30. To, a ƙarƙashin tafkin nan akwai itatuwa da duwatsu da kufai, har da tsohon garin Busa. In ruwa ya ja, kututture yakan rage ɗan kaɗan ya fito fili, matuƙi ba ya ganinsa sai jirgi ya hau. Saboda haka hanyar da aka bi lafiya cikin Janairu tana iya fasa jirgi cikin Yuni. Iskar hadarin farkon damina kuma takan ta da igiyar da ƙaramin kwalekwale ba ya iya ɗauka.

A ƙasan madatsa

Nan kuwa ruwa yana bin abin da injuna suka ci, da abin da aka saki ta ƙofofi. Idan tafki ya cika wajen Satumba ko Oktoba, tilas a buɗe ƙofofi don kada madatsa ta lalace. Sai kogi ya hau, ya ƙara gudu, ko da babu ɗigon hadari a sama. Tudun yashin da masu shan iska suka ɗaure jirgi a kansa yana iya nutsewa, gwangwala ta kasa taɓa ƙasa, itatuwan da ruwa ya kwaso su zo da ƙarfi. Ƙasar Patigi ta fi bukatar lura, don tana karɓar ruwan Jebba da na Kaduna duka. Ba a manta da Yuni 2023 ba, sa'ad da jirgin 'yan biki ya kife a can cikin dare, mutum fiye da 100 suka rasu.

Abin da ake nema ga hakimai

1. Kafin a tsai da ranar wasa, malamin hakimi ya rubuta wa ma'aikatan madatsa da Hukumar Hanyoyin Ruwa, wadda babban ofishinta ke Lakwaja, ya tambayi yadda za a saki ruwa. Ya sake tambaya ana gobe wasa.
2. Sarkin Ruwa ya bi filin tsere da kansa, ya kafa alama a kan kowane kututture.
3. A kafa sanda mai zane a mashigi, a riƙa rubuta inda ruwa ya kai safe da maraice.
4. In sanarwar buɗe ƙofofi ta iso, a yi shela a kasuwa da masallaci ran nan, ta kai ga dagatai da masu unguwa har tsibirai.
5. Kowa ya sa rigar ruwa, kada a yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, kada kuma a tashi bayan faɗuwar rana.

Hakimin da ya ɗaga wasa don ruwa bai yi abin kunya ba. Ana iya sa wata rana, amma wanda Kwara ta ci ba ya komowa. Allah ya kiyaye, amin.