Horar da Akawun Lauya da Sakataren Camba

Ofishin lauya, wanda a Najeriya aka fi kira camba, ba lauyoyi kaɗai ne suke tafiyar da shi ba. Akwai sakatare mai buga takardu da karɓar baƙi da riƙe kundin ranakun zaman kotu, akwai akawu mai zirga-zirga tsakanin ofis da rajistar kotu, a manyan ofisoshi kuma akan sami mai kula da ɗakin littattafai da mai riƙe lissafin kuɗi. A ƙananan cambobi, waɗanda su ne suka fi yawa a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Sakkwato, mutum ɗaya ne yakan haɗa dukkan waɗannan ayyuka. Ba ya sa baƙar riga, ba ya magana a gaban alƙali, amma ƙara tana iya mutuwa a kan teburinsa tun kafin lauya ya buɗe baki.

Hanyar zama lauya a shimfiɗe take: digirin shari'a a jami'a, sannan Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, sannan a rubuta sunan mutum a kundin Kotun Ƙoli. Akawu ba shi da irin wannan hanya guda. Wasu suna fitowa daga kwalejojin kimiyya da fasaha da difloma a fannin sarrafa ofis, kwas ɗin da ya gaji tsohon karatun sakatare, wanda hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna take tsara manhajarsa. Wasu sun yi diflomar shari'a a makarantu irin su Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a, ko Kwalejin A.D. Rufa'i da ke Misau, ko ta Muhammad Goni a Maiduguri. Mai diflomar sarrafa ofis ya iya kwamfuta da tsara wasiƙa amma bai san kotu ba. Mai diflomar shari'a ya san sunayen dokoki amma sau da yawa hannunsa bai faɗa a kan buga takarda ba. Shi ya sa mafi yawan horon a cikin ofis ake yin sa, a hannun tsohon akawu ko ƙaramin lauya.

Darasin farko shi ne sanin kotuna da matsayinsu: kotun majistare da kotunan shari'ar Musulunci a ƙasa, Babbar Kotun Jiha da Babbar Kotun Tarayya, Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Kowacce tana da ƙa'idojinta na shigar da takardu, har manyan kotunan jihohi ma ba iri ɗaya suke ba. Daga nan sai sanin takardun kansu, wato sammaci, bayanin da'awa, martanin wanda ake ƙara, takardar roƙo, takardar rantsuwa da rubutacciyar muhawara. Lambar ƙara ma karanta ta ake koya. Wadda ta fara da FHC/KN/CS, alal misali, tana nuna Babbar Kotun Tarayya ce, reshen Kano, ƙarar da ba ta laifi ba, sannan lambar jeri da shekara su biyo baya.

Abin da ya fi kowane nauyi a horon shi ne wa'adi. Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ya ɗaukaka ƙara. Idan kuwa hukunci ne da aka yanke a tsakiyar shari'a kan wani roƙo, kwana 14 ne kawai. A shari'ar laifi kwana 90 ne. Waɗannan, idan an makara, ana iya roƙon kotu ta ƙara lokaci, ko da yake sai an kawo dalili mai gamsarwa, kuma wanda lauya yake wakilta ne zai ɗauki nauyin ƙarin kuɗi da jinkiri. Shari'ar zaɓe ba ta da wannan sassauci. Sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a shigar da ƙorafin zaɓe cikin kwana 21 bayan bayyana sakamako, ƙarar da ta shafi abin da ya faru kafin zaɓe, kamar rikicin fidda gwani, cikin kwana 14 da faruwar abin. Da yake tsarin mulki ne ya yanka wa'adin, babu alƙalin da yake da ikon ƙara ko da yini ɗaya. Haka nan akwai dokar kare jami'an gwamnati, wadda a yawancin lokuta take rufe ƙofar ƙara bayan wata 3 da faruwar abin.

Lissafa ranar ƙarshe aikin lauya ne, domin yadda ake ƙidayar kwanakin ma kansa yana da hukunce-hukunce. Aikin akawu shi ne kada ranar ta ɓace. Ana koya masa ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan duk takardar da ta shigo ofis a ranar da ta shigo, tunda daga ranar ne wa'adin mayar da martani yake fara tafiya. Ana koya masa ya rubuta kowane wa'adi a wuri biyu, kundin ofis da bangon fayil, ya kuma sa wa kansa ranar tuni tun da sauran kwanaki. Ofishin da yake barin shigar da takarda sai ranar ƙarshe ya miƙa makomar shari'ar ga cunkoson hanya da ɗaukewar intanet a banki.

Sai batun sa hannu, wanda ya cinye ƙararraki da dama. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi, ba da sunan wani lauya takamaimai ba, ba ta da inganci, domin mutum ne ake rubuta sunansa a kundin lauyoyi, ba kamfani ba. Tun daga 2015 kuma ana manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai ɗauke da sunan lauya da lambarsa a kan takardun da ya shirya. Sakataren da aka horar da kyau ba ya barin takarda ta fita sai ya duba sunan wa aka buga a ƙasa, wa ya sa hannu, hatimin wa aka manna, kuma ko ukun sun dace. Idan sunayen lauyoyi da yawa ne a jere, sai an yi alama a gefen sunan wanda ya sa hannun. Shi kansa kuwa ba ya sa hannu a madadin maigidansa, ko da an ce masa ta waya ya yi.

Aikin rajista ana koyon sa ne da ƙafa. Sabon akawu yakan bi tsoho ya ga yadda ake kai takarda a ƙiyasta kuɗinta, a biya, a kotunan tarayya ta hanyar Remita, a dawo da rasit a buga hatimi, a ware kwafin kotu da na ɓangarori da na ofis. Bayan haka akwai isar da takarda ga wanda ake ƙara, wanda galibi ma'aikacin kotu mai kai sammaci ne yake yi, amma akawu ne yake bibiya har shaidar isarwa ta shiga fayil ɗin kotu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hukuncin da aka yanke wa mutumin da ba a isar masa da sammaci ba ana iya rushe shi gaba ɗaya. Sammacin da za a kai wata jiha kuma yana da ƙarin sharaɗin wani rubutu na musamman da doka ta ce a yi a jikinsa.

Riƙe sirri ba ladabi kawai ba ne a wannan aiki, doka ce. Sashe na 192 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana lauya bayyana abin da wanda yake wakilta ya faɗa masa, sashe na 193 kuma ya faɗaɗa hanin zuwa kan tafintoci da akawunan lauya. Nauyin ba ya sauka don mutum ya bar aiki. A garin da kowa ya san kowa, inda shari'ar gado ko ta saki take iya zama ta maƙwabci ko ta suruki, a nan ne ake gane wanda ya horu. Ko faɗin cewa wane ya zo ofis yau tona asiri ne. Wayar hannu ta ƙara wa abin haɗari, tunda ɗaukar hoton takarda a tura ta WhatsApp ya zama ruwan dare, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 da ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su.

A arewacin ƙasar akwai wani aiki da ba a cika rubuta shi a takardar ɗaukar aiki ba, shi ne tafinta. Turanci ne harshen Babbar Kotu, yawancin masu shari'a kuwa da Hausa suke bayani. Idan wanda bai iya karatun boko ba zai yi rantsuwa a rubuce, doka ta ce a karanta masa cikin harshen da yake ji, a kuma rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan kuma ya fahimta, kafin ya dangwala a gaban jami'in rantsarwa. Ana horar da akawu ya fassara abin da yake rubuce, ba abin da yake ganin ya kamata a ce ba.

Wannan yana kaiwa ga iyakar aikin. Akawun da ya shekara goma a camba yakan san hanyoyin kotu fiye da sabon lauya, jama'a ma sukan fara kiran sa barista. Dokar lauyoyi ta mayar da shi laifi wanda ba lauya ba ya nuna kansa a matsayin lauya, ko ya rubuta wa mutane takardun mallakar fili don a biya shi. Ƙa'idojin sana'ar kuma sun hana lauya raba kuɗin aikinsa da wanda ba lauya ba, sun hana shi aika 'yan kamasho su yi masa farautar masu shari'a a harabar kotu ko ofishin 'yan sanda. Amsar da ake koya wa ma'aikaci idan an tambaye shi ko za a ci shari'a ita ce a jira lauya.

Kuɗi ma suna da tasu iyakar. Abin da aka karɓa a madadin wanda ake wakilta, kamar kuɗin sayar da gida ko diyyar da aka biya, yana shiga asusu na dabam, ba a gauraya shi da kuɗin ofis. Mai karɓa yana yanka rasit nan take, ya rubuta dalilin biyan.

Ɓangaren da ya fi saurin sauyawa shi ne na kwamfuta. Rajistar kamfanoni a hukumar CAC ta koma intanet, wasu kotuna sun fara karɓar takardu ta na'ura, rahotannin hukunce-hukunce da a da ake nema a kan kantar littattafai yanzu ana binciko su a manhaja. Saboda haka ofisoshi suna neman wanda zai iya mayar da takarda hoto mai tsabta, ya sa mata suna a tsare, ya ajiye kwafi a wuri na biyu. Ma'aikacin da ya ƙware a wannan yana iya samun gurbi a sashen shari'a na banki ko ma'aikatar shari'a ko rajistar kotu, wasu kuma da diflomarsu suke neman shiga jami'a kai tsaye su karanta shari'ar gaba ɗaya.