Takedda: garin da ake ƙera kuɗin cefane a cikin gida sama da shekaru 670 da suka wuce

A arewa maso yammacin Agadas, cikin yankin Ingal, akwai wani kufai da ake kira Azelik. Matafiyi ba zai ga komai a wurin ba sai tarin duwatsu da tsofaffin kaburbura. Amma mafi yawan masana tarihi sun yarda cewa nan ne Takedda, garin tagulla da Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan birnin Tanja na ƙasar Maroko, ya sauka a shekarar 1353 bayan ya baro Gao. Bayanin da ya bari yana cikin mafi daɗewa da ake da su kan zaman yau da kullum a ƙasar da ta zama Nijar.

Bisa bayaninsa, gidajen garin da jan dutse aka gina su. Ruwan sha kuwa ta kan ma'adinin tagulla yake bi, shi ya sa launinsa da ɗanɗanonsa suka sauya. Ga kuma kunamu masu mugun dafi da kan halaka yaran da ba su balaga ba. Noma kaɗan ne: ɗan alkamar da ake samu ta fatake ce da baƙi.

Abin da ya bambanta Takedda shi ne kuɗinta. Ana haƙo tagulla a bayan gari, a kawo cikin gidaje a narka, a zuba ta sanduna iri biyu, masu kauri da sirara. Miskali ɗaya na zinariya, wato gram huɗu da ɗan ɗori, yana daidai da sanduna masu kauri 400, ko sirara 600 zuwa 700. Kowane iri da aikinsa. Sirara su ne canjin cefane, da su ake sayen nama da itacen girki. Masu kauri kuma na babbar hidima ne: hatsi, alkama, man shanu da bayi.

Har farashin abinci ya ambata. Miskali ɗaya na sayen mudu 90 na hatsi, amma mudu 20 kacal na alkama. Idan aka yi lissafi, mudun hatsi bai kai sanduna masu kauri biyar ba, na alkama kuwa sanduna 20 ne. Ke nan daga abin da ke cikin akushi ake gane matsayin mai gida.

Sana'ar manyan garin fatauci ce. Duk shekara ayarinsu na zuwa Masar, su dawo da tufafi masu tsada. Tagullarsu kuma tana zuwa Borno, tafiyar kwana 40, da wata ƙasa da marubucin ya kira Kubar, wadda masana ke ɗauka Gobir ce. Wannan na cikin ambato na farko-farko da aka yi wa wata ƙasar Hausa a rubuce, abin da ya shafi Gobirawan Tsibiri da kewayen Maraɗi kai tsaye.

Sai dai wannan jin daɗi a wuyan wasu ya rataya. Waɗanda ke tsaye gaban wuta suna narka tagulla bayi ne, maza da mata, kuma da sandunan da suka zuba da hannunsu ake sayen ƴan uwansu. Attajirai na gasar yawan bayi da kuyangi. Kuyangar da ta yi ilimi ba a cika sayar da ita ba, sai da tsada: Ibn Battuta da kansa ya biya miskali 25 a kan guda, kafin mai ita ya yi nadama ya nemi a warware cinikin. A farashin wancan lokaci, kuɗin mudu 2,250 na hatsi ke nan. A watan Satumba na 1353 ya bar garin cikin wani ayari da ya nufi arewa ɗauke da mata bayi kimanin 600, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Daga baya Takedda ta durƙushe, bayan ƙarfin masarautar Agadas ya rinjaye ta, gishirin Tegidda-n-Tesemt kuma ya maye gurbin tagulla a tattalin arzikin yankin. A shekarun 1970 masu binciken Faransa, Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, sun yi aiki a Azelik, inda aka gano burbushin masallatai, makabartu, kaskon narka ƙarfe da guntayen tagulla. Mutanen Ingal da Tegidda masu magana da harshen Tasawak na danganta asalinsu da wannan gari.

A yau sunan Azelik ya fi fitowa a labaran uraniyum, saboda mahaƙar kamfanin SOMINA da ke yankin. Dubban mutane na hallara Ingal kowace shekara don bikin shan gishiri na makiyaya, amma kaɗan ne daga cikinsu ke ƙarasawa kufan.