Wutar Hasken Rana: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Cikin 'yan shekarun nan wani baƙon abu ya yawaita a ƙasar Hausa, watau farantan nan masu duhun shuɗi da a ke ɗorawa bisa rufin ɗaki ko a girke a bakin fadama, waɗanda su ke juya hasken rana ya zama wutar lantarki. Mutane suna kiransu sola. Manomi ya gani a lambun maƙwabcinsa, ɗan kasuwa ya gani a rumfar abokinsa, akawu kuma ya gani a ofis. Tambayar da kowa ya ke yi guda ce: shin abin nan yana mai da kuɗinsa, ko kuwa ado ne na masu hali?

Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Ta rataya ne bisa lokacin da mutum ya ke bukatar wutar, da rana ko da dare. Wanda aikinsa na rana ne, kamar mai ban ruwa, wutar tana zuwa masa daidai lokacin da ya ke sonta. Wanda kuwa ya ke sonta da dare, tilas ya sayi batir ya adana ta, nan ne fa kuɗi ya ke tafiya.

Abin Da Ya Kawo Maganar

Kakannin manoman rani da jigo su ka yi ban ruwa, mutum ya wuni yana tsoma guga yana juyewa, eka ɗaya ta fi ƙarfinsa. Daga baya ƙananan injuna masu shan fetur su ka shigo, su ka bazu ƙwarai bayan da Gwamnati da Bankin Duniya su ka fara shirin Fadama cikin 1993, a ka yi ta kafa ƙananan rijiyoyin bututu. A lokacin fetur yana da araha, ba wanda ya damu da lissafinsa.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Cikin Afrilu 2024 a ka ɗaga kuɗin lantarki ga 'yan rukunin farko, waɗanda a ka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Cikin Oktoba na shekarar nan kuma a ka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, galibin jihohin Arewa su ka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mutanen Nijar su ma sun ɗanɗana, domin cikin Agusta 2023 Nijeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Nijeriya ya ke zuwa. Abin da ya rage musu zafi a lokacin har da tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai ƙarfin megawat 30.

Shi kuwa farantin, sauka kuɗinsa ya yi ta yi. Cikin 1954 a ka fara ƙera mai amfani a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka, yana juya kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa, tsadarsa kuwa ta sa sai a jikin tauraron ɗan'adam a ka fi ganinsa. Na yanzu yana juya kashi 20 ko fiye. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda masana'antun ƙasar Sin, waɗanda su ke ƙera fiye da kashi 80 na farantan duniya. Sai dai mai saye da naira bai ga arahar duka ba, gama dalar da ta ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 cikin Fabrairu 2024.

Kayan Da Kuma Tsawon Ransu

Kayan sola na gida iri huɗu ne. Akwai farantin kansa, akwai batir, akwai 'yar na'urar da ta ke tsare batir kada caji ya yi masa yawa, sa'an nan akwai inbata, wadda ta ke juya wutar batir ta zama irin wadda fanka da talabijin su ke ci.

Farantin ba shi da abin da ya ke juyawa a cikinsa, saboda haka ba ya cin baƙin mai, ba ya zuwa wurin makanike. Manyan kamfanoni suna ba da garantinsa na shekara 25, ƙarfinsa kuwa yana raguwa da wajen rabin kashi ɗaya cikin 100 a shekara. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, hasken da a ke samu a wuni daidai ya ke da na rana tsaka har awa biyar da rabi ko shida. Farantin wat 400 ya kan ba da wajen wat-awa 1,700 a wuni, watau yunit ɗaya da kashi bakwai cikin goma bisa lissafin mita.

Batir ne raggon cikinsu. Mai darma, ɗan'uwan na mota, zafi yana gajarta ransa, a ƙasa mai zafi ya kan mutu cikin shekara biyu zuwa huɗu. Ba a kuma son a zuƙe fiye da rabin abin da ke cikinsa kowane dare. Na litiyom yana iya kai shekara goma, ana kuma iya shan kashi 80 nasa, amma kuɗinsa na farko ya fi yawa. Ke nan kafin faranti ɗaya ya tsufa, mai gida ya sake batir mai darma sau shida ko fiye.

Lissafin Manomi

Famfon ban ruwa mai aiki da sola ba ya bukatar batir ko kaɗan. Rana ta ɗaga ya fara ja, ta yi sanyi ya tsaya. Danshin da ya shiga ƙasa, ko ruwan da a ka tara cikin tanki, shi ne batirin manomi. Ga shi kuma noman rani ya faɗo daidai watannin da gajimare ya ke ƙaranci.

Ga misali, don kowa ya sa nasa adadin a gurbinsa. A ce manomi yana ƙona lita 20 a mako, daga Nuwamba zuwa Maris, mako 20 ke nan. Lita 400 sun tafi. A ce lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, ya kashe naira 400,000, ban da baƙin mai da gyara. In famfo da farantansa da mesa sun tsaya masa naira 1,200,000, cikin rani uku ya mai da kuɗinsa, abin da ya biyo baya riba ce. In yana shuka sau biyu, ko yana ba maƙwabta ruwa suna biyansa, ba zai kai rani uku ba. In kuwa ɗan lambu ne da shi wanda lita biyar ta ke isarsa a mako, lissafin zai kai shekara goma sha biyu, shi dai gara ya haɗa kai da mutum uku ko huɗu su saya tare.

Amma akwai abin da manomi zai sani tun kafin ya biya. Ƙaramin famfon sola bai kai injin fetur turo ruwa ba. Abin da inji ya ke yi cikin awa biyu, shi sai ya ɗauki wuni, ƙarfinsa kuma daga hantsi ne zuwa la'asar. Wannan ya dace da albasa da tumatir da tattasai da latas, waɗanda a ke shayarwa fangali fangali. Shinkafa mai son ruwa ya kwanta tana bukatar babban famfo da farantai masu yawa. Har wa yau, famfon da a ke ajiyewa a bakin rijiya, na fetur ne ko na sola, ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai ko takwas. In ruwan ya fi haka nisa, sai irin wanda a ke zurawa cikin rijiyar.

Wani haɗari kuma shi ne na ɓarna. Da ya ke ba a biyan kuɗin mai, wani sai ya bar famfo yana ta zuba tun safe. Ruwan da ya wuce kima yana ruɓar da saiwa, yana wanke takin da a ka saya da tsada, yana ta da kanwa a fuskar ƙasa, kana yana janye ruwan rijiyoyin maƙwabta.

Lissafin Ɗan Kasuwa

Mai kanti da tela da mai cajin waya galibin aikinsu da rana ne, saboda haka ƙaramin batir ya ishe su. Shi ya sa tun 2018 a ka fara ba rumfunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola, ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Kai Lantarki Karkara, don a rage ƙananan janaretoci da hayaƙinsu da haɗarin gobara.

Mai sayar da ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya yana da wata dabara ta dabam, ta wajen firji. A ƙasashen sanyi, in an ta da maganar sola a kan haɗa ta da ta wani injin ɗumama ɗaki, wanda ba ya hura wuta, sai dai ya kwaso ɗumin da ke cikin iskar waje ya shigo da shi ciki. Yunit ɗaya na lantarki ya kan kawo ɗumi na yunit uku. Ya fi yawa a Norwe da Suwidin da Finlan, a Ingila kuma cikin 2023 Gwamnati ta ɗaga taimakon da ta ke ba mai sa shi zuwa fam 7,500. Mutumin Kano ba shi da bukatar wannan, hunturunsa bargo ya ishe shi. Amma firjinsa injin nan ne a ka juya, yana kwashe zafin ciki yana zubarwa waje. In firji ya wuni yana aiki da rana, ruwan da ke ciki ya daskare, ƙanƙarar ita ce za ta riƙe sanyi har gari ya waye, muddin ba a yawan buɗe murfi. Ƙanƙara ta tsaya a madadin batir ke nan.

Lissafin Akawu

Shi ma'aikaci da rana yana ofis, sai magariba ya ke neman wuta. A ce yana da ƙwai biyar masu wat 10 na awa shida, wat-awa 300 ke nan. Fanka biyu masu wat 60 na awa takwas, 960. Talabijin mai wat 60 na awa huɗu, 240. Cajin wayoyi 50. Jimla 1,550. A takarda faranti ɗaya ya isa, amma wani abu yana salwanta cikin batir da inbata, ga kuma hadarin Agusta, saboda haka biyu ne daidai. Batir mai darma na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, rabinsa 1,200 ne, bai isa ba, sai biyu. Waɗannan biyun ne za a riƙa sakewa.

To, in gidan janareta ya ke kunnawa kowane dare, sola ta fi masa, domin ko lita biyu ya ke sha a dare, a shekara lita 730 ne. In kuwa unguwarsa tana samun wutar layi sosai a kan kuɗi mai sauƙi, mayar da kuɗin zai daɗe, abin da ya saya shi ne kwanciyar rai ranar da a ka ɗauke wuta. Dutsen guga da risho na lantarki da abin dafa ruwa kowannensu yana cin wat 1,000 ko fiye, ƙaramar sola ba ta ɗaukarsu. Wanda ya tilasta mata, batirinsa ya ke kashewa.

Abin Da Mai Saye Zai Kula

Araha ba ta ado. Akwai farantai na jabu a kasuwa waɗanda an rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, akwai kuma tsofaffin batura da a ka goge a ka mai da cikin kwali. Kada a yi cinikin biri a sama. A sa a auna faranti da mita cikin rana tsaka, a duba ranar da a ka ƙera batir, a karɓi rasit mai ɗauke da garanti da sunan kantin. A kuma tambaya ko akwai mai gyara da kayan gyara a kusa, domin famfon da ya tsaya mako guda cikin Maris ya gama da tumatir.

A girke faranti yana fuskantar kudu, a ɗan karkace, yadda ruwan sama zai gangare. Inuwar reshe ɗaya in ta faɗi a kusurwarsa tana rage ƙarfinsa fiye da yadda a ke zato. Ƙurar hunturu ma haka, sai a riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, ban da lokacin da gilashin ya ɗau zafi. A bar sarari tsakaninsa da kwanon rufi don iska ta ratsa, gama zafi da kansa yana rage masa ƙarfi. Batir kuma a ajiye shi a inuwa, inda iska ta ke shiga. Na gona kuwa, ɓarayi sun san darajarsa, ko dai a ɗaure shi da ƙarfe, ko a sayi irin wanda a ke kwashewa a kai gida da yamma.

Wanda ya ke shawarar saye, ya fara da littafi da fensir. Ya rubuta kowace litar da ya saya da kowane kuɗin gyara har wata guda, ya ninka da watannin da ya ke aiki a shekara, sa'an nan ya raba kuɗin solar da abin da ya fito, ya tuna ya sa kuɗin sake batir in da batir a ciki. In amsar ta fito shekara uku ko huɗu, cinikin ya yi kyau, ko da bashin ƙungiya ne ko adashi. In ta haura shekara takwas, ya rage girman kayan, ko ya nemi abokan tarayya, ko kuwa ya dakata tukuna.