Wace Bindiga Za Mu Saya?

'Yan'uwa manoma, da muka zaga ƙungiyoyin gama-kai na Boɗinga da Shagari, an yi ta yi mana tambaya ɗaya: saboda ɓarayin shanu, wace bindigar harsashi ta fi, wadda ake jan marikinta da hannu bayan kowane harbi, ko mai ɗura kanta?

Ta jan hannu ta fi araha, tana kuma jimre ƙurar hunturu. Mai ɗura kanta ta fi sauri, amma in ba a goge ta kullum, ko harsashi ba shi da ƙarfi, sai ta cije.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa su duka biyu cikin haramtattu, sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba lasin, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙanƙanta. Mai baki ɗaya ko biyu ma sai da lasin 'yan sanda.

In maigida yana kurkuku, wa zai nome geron? Kada kuɗin taki ya tafi ga bindiga. Mu haɗa dabbobinmu garke ɗaya, mu yi gadi bi da bi, mu riƙa kai rahoto ga hakimi da 'yan sanda.